John Torrey: Masanin Ciyawar Hamada Daga Birnin New York

A ranar 10 ga watan Maris na shekarar 1873 ne John Torrey, ɗaya daga cikin manyan masana ilimin tsirrai na ƙasar Amurka, ya rasu a birnin New York, inda aka haife shi a shekarar 1796.

Mahaifinsa ma'aikaci ne a gidan kurkukun jihar New York, kuma a can ne Torrey, tun yana yaro, ya haɗu da wani fursuna mai suna Amos Eaton, wanda ya fara koya masa sanin tsirrai. Ya sami digirin likita a shekarar 1818, daga bisani ya koyar da ilimin sinadarai a makarantar sojoji ta West Point da kuma Princeton.

A wancan zamani, ayarin masu bincike da gwamnatin Amurka ke aikawa yankunan yamma kan tsinko tsirrai, su busar da su tsakanin takardu, su rubuta wuri da ranar da aka same su, sannan su aiko wa Torrey. Ta haka ne a shekarar 1824 ya bayyana wata ciyawar busassun filaye da Edwin James ya tsinko, ya raɗa mata suna Pleuraphis jamesii. A shekarar 1848 kuma ya bayyana ciyawar da a yau ake kira Bouteloua eriopoda, wadda dabbobi ke dogara da ita a hamadar Chihuahua. Duk wannan ya yi shi ne daga ɗakinsa, domin sai a shekarar 1865 ya taka ƙafa a Kalifoniya.

A shekarar 1860 ya miƙa tarin busassun tsirransa ga Kwalejin Columbia, daga baya aka mayar da su Lambun Tsirrai na New York da ke unguwar Bronx, inda ake adana fiye da samfur miliyan 7.

Amfanin irin waɗannan takardu ya ƙara fitowa fili bayan rasuwarsa. Yawan kiwo da fari, musamman na shekarun 1950, sun sa ciyawar Bouteloua ta ɓace daga filaye masu yawa a jihar New Mexico, ƙayoyi suka maye gurbinta, matsalar da makiyayan yankin Sahel suka san irinta. Tsoffin samfura na daga cikin shaidun da masana ke dubawa don gane abin da ƙasa ke tsirarwa kafin ta lalace.