Hatshefsut, Macen da Ta Ɗaura Gemun Sarauta

Da zarar an ambaci Fir'auna, abin da kan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne azzalumin sarkin nan da ya yi jayayya da Annabi Musa (A.S.), har jama'a da dama sun ɗauka sunan mutum guda ne. Alhali kuwa laƙabin sarauta ne, asalinsa daga tsohon harshen Masar, ma'anarsa babban gida, wato fada, kuma ta hanyar Larabci ya iso gare mu. Cikin waɗanda suka hau wannan gado har da mata, ɗaya daga cikinsu ita ce Hatshefsut.

Ita dai 'yar Sarki Tutmos na Ɗaya ce. Bisa al'adar gidan sarautarsu, aka aurar da ita ga ɗan'uwanta da suke uba ɗaya, Tutmos na Biyu, ta haifa masa 'ya mace, Neferure. Da mijin ya rasu wajajen shekara ta 1479 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sai sarauta ta faɗa kan Tutmos na Uku, ɗan da wata matar ta haifa masa, wanda a lokacin yaro ne ƙanƙane. Hatshefsut ta karɓi riƙon ƙwarya. Kafin shekaru bakwai su cika ta riga ta ɗauki cikakkun laƙabobin sarki, amma ba ta tuɓe yaron ba. Tare aka ci gaba da ambaton sunayensu.

Gumakanta na dutse sun nuna ta da gemu, abin da ya sa wasu ke cewa ɓad-da-kama ta yi don a zaci namiji ce. Wannan magana ba ta da tushe. Sarakunan Masar maza ma aske haɓa suke yi su ɗaura gemun ƙarya, domin kayan sarauta ne kamar rawani da sanda. Ga shi kuma rubuce-rubuce da yawa da ke jikin gine-ginenta da sigar tamata suke ambatonta. Ɗalibin Hausa zai so ya san cewa harafin t shi ne alamar tamata a wancan harshe, irin wanda muke ji a ta da ita, don kuwa harsunan biyu dangin juna ne na nesa.

Zamaninta ya fi shahara da fatauci da gine-gine. A shekara ta 9 ta sarauta jiragen ruwanta suka je ƙasar Funt, can kudancin Bahar Maliya, suka komo da turare, zinariya, hauren giwa, katako mai daraja, har da itatuwan turare da saiwarsu don a dasa. An zana tafiyar a bangon haikalinta na Dairul Bahari, yamma da Kogin Nilu daura da Luksor. A Karnak kuwa, wani ginshiƙi da ta sa aka sassaƙo daga dutse guda a Aswan yana nan tsaye har yau, tsawonsa ya kusa mita 30.

Ta rasu wajajen 1458. Bayan haka aka bi gumakanta aka farfasa, aka kankare sunanta daga bangaye. An daɗe ana cewa Tutmos na Uku ne ya huce haushin ƙwace masa gado. To amma bincike ya nuna sai bayan kimanin shekaru 20 da rasuwarta aka shiga wannan aiki gadan-gadan, mai fushi kuwa ba ya jiran shekaru ashirin. A ganina, bayanin da ya fi kama hankali shi ne na masanan da ke cewa so ya yi ya share wa ɗansa Amenhotef na Biyu hanya, a ga kamar sarautar ta bi maza ne daga kaka zuwa jika ba tare da yankewa ba.

Haka jerin sunayen sarakuna da aka rubuta daga baya a Abidos ya tsallake ta, aka manta da ita fiye da shekaru 3,000. Bafaranshen nan Shamfoliyon, wanda ya gano karatun rubutun Masar na dā a 1822, da ya ziyarci Dairul Bahari a 1829 sai ya rikice, don ya ga hoton sarki mai gemu amma kalmomin da ke gefensa na mace ne.