Ansel Adams: Mai hoton da ya fara da kyamarar 'yan koyo

Idan kana cikin masu cewa sai sun mallaki waya mai tsada za su ɗauki hoto mai kyau, to ɗan tsaya ka ji labarin Ansel Adams.

An haife shi a San Francisco da ke Amurka ranar 20 ga Fabrairun 1902. Zaman aji bai karɓe shi ba, mahaifinsa ya cire shi daga makaranta yana shekara 12, ya koma koyon kiɗan fiyano. A 1916 iyayensa suka kai shi kwarin Yosemite, aka ba shi ƙaramar kyamara mai kama da akwati, Kodak Brownie. Da ita ya fara.

A 1927 ya hau tsauni ɗauke da babbar kyamara mai amfani da farantin gilashi, don ya ɗauki dutsen Half Dome. Faranti biyu suka rage masa. Ya ɗauki na farko da matatar haske rawaya, sai ya lura ba zai samu abin da yake hangowa a ransa ba, ya sa ja a na ƙarshe. Sama ta fito kusan baƙa ƙirin, dutsen ya yi kwarjini. Ka ga, tun kafin ya danna ya san hoton da yake so.

Ya daɗe yana aiki da kyamara mai fim inci 8 da 10. Amfaninta shi ne, fim mai faɗi yana riƙe ƙananan abubuwa ko an ƙara wa hoton girma. Amma fa akwai nauyi, sai an ɗora ta kan ƙafafu uku, kuma kowane hoto da fallen fim ɗinsa. Da ita ya ɗauki fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941. Daga baya ya rungumi Hasselblad, wadda ta fi sauƙin ɗauka, ya kuma zama mai ba kamfanin Polaroid shawara. Shi da Fred Archer suka tsara hanyar raba haske mataki 11, daga baƙi zuwa fari.

Hotunan ba ado kawai suka zama ba. Littafinsa na 1938 kan tsaunukan Sierra Nevada ya taimaka aka ayyana Kings Canyon a matsayin gandun ƙasa a 1940. Shugaba Jimmy Carter ya karrama shi a 1980, ya rasu ranar 22 ga Afrilun 1984.

To ɗan'uwa, wayar hannunka ta fi Brownie nesa ba kusa ba. Zaɓi dutse ko rafi ɗaya a garinku, ka ɗauke shi a tsaye da a kwance, da safe da kuma yamma, sannan ka kwatanta. Daga nan ne za ka gane ko kyamara ce ta gaza, ko ido ne ke buƙatar horo.