Bob Moog: Injiniyan Da Ya Ƙera Sautin Da Makaɗa Ke Farauta Har Yau

Yau Amurka za mu leƙa, kuma wanda zan ba ku labarinsa ba mawaƙi ba ne. Injiniya ne, amma indai kana sauraron tsofaffin waƙoƙin rock na shekarun 1970, to ka sha jin aikin hannunsa ko da ba ka san sunansa ba.

Duk wanda ke taɓa haɗa kiɗa a kwamfuta ya san wannan ciwon kan. Ka ji wani sauti mai kauri a tsohuwar waƙa, ya shige maka rai, ka buɗe FL Studio ka yi ta danna firiset ɗaya bayan ɗaya, amma abin da ke fitowa siriri ne kamar kukan sauro. Ni dai a ganina, hanya mafi sauƙi ta kama wannan sautin ita ce ka san yadda mai shi ya gina shi tun farko. Sunansa Robert Moog, an fi kiransa Bob. Ana furta sunan da dogon wasalin o, wato Mog, ba Mug ba.

An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1934 a birnin Niyok, ya tashi a unguwar Queens. Mahaifinsa injiniya ne a kamfanin wutar lantarki, mahaifiyarsa kuwa ta matsa masa sai ya koyi fiyano. Ya koya ɗin, amma hankalinsa na ɗakin ƙasa inda babansa ke ajiye wayoyi da dalma da kayan rediyo. Yana ɗan shekara 14 ya haɗa wata na'ura mai suna teramin, bayan ya ga zanenta a mujalla.

Masu kallon tsofaffin finafinan ban tsoro sun san muryar teramin, wannan kukan mai rawa da ke tashi idan halittun sama za su bayyana, kamar a fim ɗin The Day the Earth Stood Still na 1951. Wani ɗan Rasha, Leon Theremin, ne ya ƙirƙiro ta wajen 1920. Ba a taɓa ta da hannu sam. Eriya biyu gare ta, kana matsar da hannu kusa da ɗaya sauti ya haura ko ya sauka, ɗayar kuma ta ƙara ko ta rage ƙarfi. A 1953, yana da shekara 19, Bob ya buɗe ɗan kamfani yana sayar da ita. Da wannan sana'ar ya yi ta lallaɓa karatunsa, ya karanta kimiyyar fiziks da injiniyancin lantarki, har ya kai ga digirin digirgir a Jami'ar Cornell a 1965.

Kafin nan, a 1963, ya haɗu da wani malamin kiɗa mai suna Herb Deutsch a wani taron malamai. A lokacin akwai sintesaiza, wato na'urar da ke haɗa sauti daga lantarki zalla, amma irin ta kamfanin RCA ce da ta cika ɗaki guda, kuma da takarda mai huji-huji ake ba ta umarni. Makaɗi ba zai zauna ya buga ta kamar yadda yake buga fiyano ba. Deutsch ya faɗa wa Bob abin da makaɗi ke buƙata, shi kuma ya koma shagonsa a wani ƙaramin gari mai suna Trumansburg ya hau aiki. A 1964 suka fito da na'urar farko, ya nuna ta a taron injiniyoyin sauti a Niyok, nan take aka fara ba shi oda.

Wannan ɗabi'ar ta sauraron makaɗa ita ce babban jarinsa. A daidai wannan lokacin akwai Don Buchla can a Kalifoniya yana ƙera tasa, amma shi ya ƙi sa mata allon fiyano, don yana son kiɗan da bai yi kama da na da ba. Bob ya sa wa tasa allon fiyano, shi ya sa duk wanda ya iya ogan ko fiyano zai iya zama ya fara bugawa.

To, me ke cikin akwatin? Abu uku ne manya, kuma idan ka gane su ka gama rabin aiki.

Na farko shi ne osileta, mai haifar da ɗanyen sauti. Tana fitar da shi a siffofi daban-daban. Akwai mai kama da haƙoran zarto, wanda ke da kaushi da haske kamar kakaki, akwai kuma mai kusurwa huɗu, wanda ke fita kamar ana busa cikin bututu. Bob ya tsara cewa ƙarfin lantarki ne zai riƙa juya ta: ka ƙara volt ɗaya, sauti ya haura zango ɗaya cif, daga do zuwa do na sama. Har yau masu ƙera irin waɗannan na'urori da yawa wannan ma'aunin suke bi.

Na biyu ita ce filta, ka ɗauke ta kamar rariya. Ɗanyen sauti na shiga, ta tankaɗe kaushin sama ta bar kaurin ƙasa. Gwada ja da harafin a da baki buɗe, sannan ka riƙa tsuke leɓe a hankali har ya koma u. Abin da filta ke yi ke nan. Tasa an jera mata tiransistoci bibbiyu kamar matakalar tsani, shi ya sa ake kiranta filtar tsani, kuma ita ce asalin wannan taushin da ake ji a sautin Moog. Ita kaɗai ya yi wa rajistar mallaka a cikin kayan na'urar, aka ba shi takardar a 1969. Sauran dabarun ya bar su a buɗe, wasu kamfanoni suka kwasa.

Na uku shi ne mai tsara yadda sauti zai tashi da yadda zai mutu. Kalangu kana dukansa yake fita da ƙarfi ya ɓace, goge kuwa a hankali yake shigowa ya daɗe yana ja. Da maɓallan wannan sashen za ka mayar da sauti ɗaya ya zama irin na kalangu ko irin na goge.

Da farko jami'o'i da masu kiɗan talla ne ke saya. A 1967 aka kai na'urar bikin kiɗa na Monterey, 'yan rock suka gan ta suka ruɗe. The Doors da The Monkees suka sa ta a kundinsu a shekarar. A 1968 Wendy Carlos ta fitar da Switched-On Bach, inda ta buga kiɗan Bach na Jamus kacokan da Moog, kundin ya ci kyautar Grammy uku. Ita ce kuma ta yi kiɗan fim ɗin A Clockwork Orange na 1971. George Harrison ya sayi tasa, The Beatles suka yi amfani da ita a kundin Abbey Road na 1969. Ka saurari Here Comes the Sun da kyau, za ka ji wani sauti mai laushi yana bin jita, Moog ce. Abin har ya tsorata ƙungiyar makaɗan Amurka, suka ga kamar injin zai raba su da abincinsu, aka taƙaita amfani da shi a wasu ayyukan kuɗi na wani ɗan lokaci.

Sai dai babbar na'urar tana da tsada, ga nauyi, ga wayoyi rututu da sai ka jona kafin ta ce uffan. Ciniki ya ja baya. Wani injiniyansa, Bill Hemsath, ya riƙa tsintar ragowar kaya a lokacin hutun cin abinci har ya haɗa wata 'yar ƙarama da ba ta buƙatar jone-jone. Daga nan aka samu Minimoog a 1970: osileta uku da maɓallan fiyano 44. An ƙera sama da 12,000 kafin a daina a 1981. A gefen hagunta akwai wasu 'yan tayoyi biyu, ɗaya na lanƙwasa sauti sama ko ƙasa, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Wannan 'yar tayar da kake gani a gefen fiyanon situdiyo a yau, daga Minimoog ta samo asali.

Yanzu bari mu zo kan abin da ke hana kwafi kama da asali. Wajen zana Minimoog an yi ɗan kuskuren lissafi, sautin da ke shiga filta ya fi ƙarfin da aka tsara, sai yake ɗan dakushewa ya yi kauri. Da aka gano, makaɗa sun riga sun so shi a haka, aka bar shi. Ga kuma osiletocin da ba sa tsayawa daram, zafi na sa su ɗan kauce wa juna, wannan 'yar kaucewar ce ke sa sautin ya riƙa motsi kamar mai numfashi. Sannan na'urar murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, ko ka danna maɓalli biyar ɗaya za ka ji. Rick Wakeman na ƙungiyar Yes ya sha ba da labarin cewa tasa ta farko a hannun wani ɗan fim ya saya da araha, don mutumin ya ɗauka ta lalace ne da ya ga ba ta buga murya biyu tare.

Saboda haka idan kana son solon ƙarshen Lucky Man na Emerson, Lake & Palmer, wanda Keith Emerson ya buga a 1970 da babbar Moog, ga yadda nake ba da shawara. Sa manhajarka a tsarin murya ɗaya. Ɗauki osileta biyu ko uku masu kusurwa huɗu, ka ɗan gocar da su kaɗan daga juna. Buɗe filta sosai. Sannan ka kunna zamiya, wadda ke sa sauti ya silale daga wannan maɓallin zuwa wancan maimakon ya yi tsalle, ka buga manyan tazara daga ƙasa zuwa sama. Idan kuma sautin nan mai kama da ƙaho kake so, wanda Rick Wright ya yi a Shine On You Crazy Diamond na Pink Floyd a 1975, to haƙoran zarto za ka ɗauka, ka rufe filta wajen rabi, ka sa ta riƙa buɗewa a hankali duk sanda ka danna, ka ƙara amsa-kuwwa. Sauran aikin na yatsunka ne da kunnenka.

A kula fa, ba kowane sauti na wancan zamanin ne Moog ba. Jump na Van Halen da Oberheim aka yi shi, na'ura mai buga muryoyi da yawa tare. On the Run na Pink Floyd kuwa EMS ce ta Ingila. Kafin ka ɓata dare kana murɗa maɓallai, fara gano wace na'ura aka yi amfani da ita.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni a rayuwarsa shi ne na kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bob gwani ne a ƙira amma kasuwanci bai karɓe shi ba. A 1971 bashi ya sa ya sayar da kamfanin, ya koma ma'aikaci a wurin da ke ɗauke da sunansa. A 1973 aka sake sayarwa ga kamfanin Norlin. A daidai shekarun da Kraftwerk da Parliament da Donna Summer ke cika duniya da sautinsa, shi albashi yake ɗauka. A 1977 ya bar wurin, sunan kuma ya zauna a hannunsu. Ka yi tunani, mutum da sunan da ya gada daga ubansa, amma doka ta hana shi liƙa shi a kan kayan da ya ƙera da hannunsa.

Ya koma jihar Karolina ta Arewa a 1978, ya buɗe ƙaramin kamfani mai suna Big Briar, ya koma kan teramin ɗinsa ta ƙuruciya. A 1983 Yamaha ta fito da DX7 mai aiki da lissafin kwamfuta, kowa ya koma can, aka riƙa sayar da tsofaffin Minimoog a wulaƙance. Tsohon kamfanin ya durƙushe. Shi kuwa ya yi wasu shekaru yana aiki da Kurzweil, daga baya ya koyar a jami'a a garin Asheville.

A shekarun 1990 sai kaya suka juya. Matasan hip hop da masu kiɗan rawa suka gaji da sauti mai sanyi, suka koma neman tsofaffin akwatunan, farashi ya tashi. Bayan doguwar shari'a, a 2002 ya karɓo sunansa, ya fitar da sabuwar Minimoog Voyager yana da shekara 68. A 2001 an ba shi kyautar Polar a Suwidin, a 2002 kuma Grammy ta fasaha. Shekara uku kacal ya yi yana aiki da sunansa bayan dawowarsa. A watan Afrilun 2005 aka gano ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ranar 21 ga Agusta, 2005 a Asheville yana da shekara 71.

Yau ba sai kana da dubban daloli ba. Akwai Mini V na Arturia a kwamfuta, akwai manhajar Model D ta kamfanin Moog a waya, kuma kusan duk manhajar haɗa kiɗa tana da osileta da filta. Bob bai taɓa ɗaukar kansa tauraro ba, yana kallon kansa ne a matsayin maƙeri, makaɗa kuma su ne masu aiki da abin da ya ƙera. Minimoog ta asali ma ba ta da wurin ajiye firiset ko ɗaya, duk sautin da ka ji a waɗancan waƙoƙin wani ne ya zauna ya murɗa maɓallai har kunnensa ya gamsu.

Ga aikin da zan bar muku a wannan makon. Ku zaɓi waƙa ɗaya cikin waɗanda na ambata, ku buɗe manhaja a sauti na farko wanda ba a taɓa ba, ku gina shi da kanku daga osileta zuwa filta. Masu son fim kuma su nemi shirin Moog na 2004, wanda ya fito shekara guda kafin rasuwarsa, za ku gan shi da farin gashinsa yana bayani da bakinsa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.