Judy Garland: Yarinyar da Aka Sa Rera Waƙa da Yunwa

Duk mai kallon finafinan Kano ko na Indiya ya saba da yadda ake tsayar da labari a shiga waƙa da rawa. Amurkawa ma sun yi irin wannan yayin, kuma cikin taurarinsu na wancan zamani da wuya a sami wadda ta kai Judy Garland murya.

Sunanta na yanka Frances Ethel Gumm. An haife ta ranar 10 ga Yuni, 1922, a garin Grand Rapids na jihar Minnesota. Mahaifinta yana da gidan silima, a nan ta fara hawa dandali da yayyenta mata biyu tun ba ta kai shekara uku ba. A 1935 kamfanin MGM na Hollywood ya ɗauke ta aiki tana da shekara 13, kuma a shekarar mahaifinta ya rasu.

Fim ɗin da ya fito da ita duniya shi ne The Wizard of Oz. An fara ɗaukarsa a watan Oktoba na 1938, lokacin tana da shekara 16, wato tsarar 'yan ajinmu na SS1 ko SS2. Ta fito a matsayin Dorothy, wata ƙaramar yarinya da guguwa ta kwashe zuwa wata ƙasa ta al'ajabi. Masu kallo sun ga yarinya mai fara'a. Abin da ba su gani ba shi ne, an ɗaure mata ƙirji tamau don ta yi kama da ƙaramar yarinya, kuma ana tsare mata abinci wai kada ta yi ƙiba. Mafi muni, kamar yadda ita kanta ta ba da labari daga baya, a shekarunta na MGM ana ba ta ƙwayoyin hana barci da kashe yunwa don ta jure dogon aiki, da dare kuma a ba ta na sa barci. Manya ne suka miƙa mata, ba ƙawaye ba. A ganina wannan ya fi komai ciwo a labarin.

Ladanta dala 500 ne a mako, alhali Ray Bolger, da ya fito a matsayin mutum-mutumin gona, yana karɓar 3,000. Waƙarta ta Over the Rainbow ma saura ƙiris a cire ta daga fim ɗin, sai ga shi ta ci kyautar Oscar.

Ƙwayar ba ta sake ta ba. Ta riƙa makara, wani lokaci ta ƙi zuwa wurin aiki sam. A 1949 aka cire ta daga fim ɗin Annie Get Your Gun, a 1950 kuma ta rabu da MGM bayan shekara 15. Ta farfaɗo da A Star Is Born a 1954, sannan faifan wasan da ta yi a zauren Carnegie Hall na New York a 1961 ya sa ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Grammy ta faifan shekara.

Ranar 22 ga Yuni, 1969, aka tarar da gawarta a gidan da take haya a Landan. Bincike ya nuna maganin barci ne ya yi mata yawa, ba da gangan ba. Shekarunta 47, ta bar 'ya'ya uku, babbarsu ita ce mawaƙiya Liza Minnelli.