Florence Nightingale: Matar da ta mayar da tsafta ginshiƙin aikin jinya

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu, 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, cikin gidan attajirai 'yan Ingila. Iyayenta ba su so ta yi aikin jinya ba, domin a wancan zamani ana ƙyamar sana'ar, amma ta dage.

A watan Nuwamba na 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta jagoranci ma'aikatan jinya 38 zuwa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari a ƙasar Turkiyya. Ta tarar da ɗakunan kwanciya cikin ƙazanta, cututtuka irin su kwalara da atini suna kashe sojoji fiye da raunukan fagen daga. Ta tsaya kai da fata a kan wanke zannuwan gado, tsabtace ɗakuna da inganta abinci. Bayan da aka gyara magudanan ruwa a 1855, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Da ta koma gida, ta yi amfani da alƙaluman mace-macen wajen shawo kan hukumomi. A 1860 ta kafa makarantar horas da ma'aikatan jinya a Asibitin St Thomas da ke Landan. A wannan makaranta ce Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, wadda daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya.

Nightingale ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Har yau, a asibitocin Gombe da sauran sassan ƙasar nan, darasinta na nan daram: warkewar wanda aka yi wa tiyata ta dogara da tsaftar hannun da ke wanke masa ciwo.