Pandita Ramabai, Uwar Gwauraye ta Indiya

An haifi Ramabai a Indiya a 1858, zamanin da ake hana mata karatun Sanskrit, amma iyayenta suka koya mata. Yunwa ta kashe su. Mijinta kuma ya rasu a 1882, ya bar ta da jaririya. Aka yi mata baftisma a Ingila a 1883.

A 1889 ta buɗe wa gwauraye makaranta a Bombay, waɗansunsu yara ne ƙanana da aka aurar. Mu da muke ganin ana cire 'yan mata daga aji a Bakura da Maradun mun san nauyin aikin nan. A yunwar 1896 ta kwashe ɗaruruwan mata zuwa Kedgaon, suka koyi saƙa da ɗab'i. Ta juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Marathi kafin ta rasu a 1922.