Alexander Graham Bell: Mai tarho da ya ƙera na'urar neman harsashi a jikin shugaban Amurka

Da zarar an ambaci Alexander Graham Bell, tarho ne yake fara zuwa zuciya. Amma a watan Yulin 1881 mutumin ya ajiye duk wani aiki, ya duƙufa wajen haɗa wata na'ura da hannunsa, domin gano inda harsashi ya maƙale a jikin shugaban Amurka James Garfield. Na'urar tana cikin magabatan waɗanda ake amfani da su yau wajen neman ƙarfen da ke binne a ƙasa da binciken fasinjoji a filin jirgin sama.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Bell ranar 3 ga Maris, 1847, a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa, Alexander Melville Bell, malamin koyar da furuci ne, mahaifiyarsa Eliza kuma jinta ya yi rauni ƙwarai tun yana yaro. Wannan ya sa sha'anin murya da sauti ya shiga ransa da wuri.

Tarin fuka ya kashe ƙaninsa Edward a 1867, ya kuma kashe yayansa Melville a 1870. Ganin saura ɗa ɗaya, shi ma lafiyarsa ba ta cika ba, iyayen suka tattara suka koma garin Brantford a Kanada a wannan shekarar. A 1871 Bell ya tsallaka Boston a Amurka ya kama koyarwa a makarantar kurame.

Da rana yana aji, da dare yana fama da wayoyi da batira. Ranar 7 ga Maris, 1876, ya karɓi takardar mallakar fasahar tarho, bayan kwana uku kuma mataimakinsa Thomas Watson ya ji muryarsa ta waya daga wani ɗaki. A 1877 ya auri tsohuwar ɗalibarsa Mabel Hubbard, wadda ta kurmance tun tana shekara biyar. A 1880 Faransa ta ba shi kyautar Volta ta faran 50,000, ya zuba kuɗin wajen buɗe ɗakin bincike a Washington.

Harbin shugaban ƙasa

Garfield bai wuce wata huɗu a kan mulki ba lokacin da wani mai suna Charles Guiteau, wanda ya nemi muƙamin jakadanci bai samu ba, ya harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Washington ranar 2 ga Yuli, 1881. Harsashi ɗaya ya goge shi a hannu, ɗayan ya shige ta bayansa ta ɓangaren dama ya ɓace a ciki.

A lokacin babu hoton ƙashi, domin sai a 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano shi. Likitoci, ƙarƙashin jagorancin Dokta Willard Bliss, suka riƙa zura yatsu da ƙarafa cikin raunin suna lalube, ba wanki ba tsaftacewa. Likitan Ingila Joseph Lister ya riga ya yi shekaru yana kira a kashe ƙwayoyin cuta kafin taɓa rauni, amma da yawa daga manyan likitocin Amurka ba su yarda da shi ba tukuna.

Bell yana Boston ya karanta labarin a jarida. Sai ya tuna da wani abu da ya taɓa lura da shi sa'ad da yake ƙoƙarin kawar da ƙugi a layin tarho: idan aka kusanto da ƙarfe ga naɗin wayar da aka daidaita, shirun kan lalace. Ya tuntuɓi masanin taurari Simon Newcomb, wanda shi ma yake tunani a kan matsalar, ya bar matarsa da tsohon ciki ya nufi Washington.

Yadda na'urar take aiki

Tushen na'urar wata dabara ce da David Edward Hughes ya bayyana a Ingila a 1879. Kayan haɗinta ba su da yawa: batir, da naɗin wayar tagulla, da wani maɓalli mai katse wuta yana mayarwa da sauri, sai kan tarho na saurare.

Naɗin farko yana karɓar wutar da ake katsewa, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu mai canzawa a kewayensa. Naɗi na biyu yana haɗe da kan tarho. Ana ɗora ɗaya a gefen ɗaya, ana gusawa a hankali har a kai gurbin da tasirin ya soke juna, tarhon ya yi tsit. Idan ƙarfe ya shigo kusa, sai ƙaramar wuta ta taso a cikinsa, ta ɓata wannan daidaito, mai saurare ya ji ƙara.

Matsalar ita ce nisa. Ƙarfin alamar yana faɗuwa da sauri sosai yayin da abin ke ƙara zurfi, ga harsashi ƙarami, ga shi na dalma, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar azurfa ko tagulla. Da farko na'urar ba ta jin harsashin da ya wuce kimanin inci 2.

Bell da abokin aikinsa Charles Sumner Tainter suka yi ta sake naɗi dare da rana. Sun gwada da harsashi a dunƙule cikin hannu, da cikin baki, da cikin buhun jiƙaƙƙiyar dusa, da cikin tsokar nama. Sun kuma je gidan tsofaffin sojoji, inda akwai waɗanda suke ɗauke da harsasai a jiki tun yaƙin basasar Amurka. Da suka ƙara kwandensa a haɗin, nisan ya kai kimanin inci 5.

Gwaji biyu a fadar shugaban ƙasa

Ranar 26 ga Yuli aka shigar da Bell ɗakin da Garfield yake kwance. Tarhon ya ƙi yin shiru, sai tartsatsin ƙara, gwajin ya watse. Da ya koma ɗakin bincikensa ya gano cewa cikin gaggawa an haɗa kwandensar ba daidai ba.

Ya dawo ranar 1 ga Agusta. Bliss ya riga ya kafe a kan cewa harsashin yana dama, don haka nan kaɗai aka bari aka duba. An ji ƙara mai rauni, amma a fili mai faɗi, alhali ƙaramin harsashi a gurbi ɗaya ya kamata ya nuna. Duk da haka aka fitar da sanarwa cewa gwajin ya tabbatar da ra'ayin likitoci.

Hankalin Bell bai kwanta ba. Washegari ya koma ya yi tambaya, sai ya tarar a ƙarƙashin katifar shugaban akwai wata ta wayoyin ƙarfe. Ashe gadon ne na'urar take ji.

Ana cikin haka, ranar 15 ga Agusta, Mabel ta haifi ɗa namiji bakwaini, aka sa masa Edward, ya rasu bayan 'yan sa'o'i saboda matsalar numfashi. Garfield kuwa ya ci gaba da ramewa, mugunya ta yaɗu a jikinsa, ya rasu ranar 19 ga Satumba a Elberon da ke jihar New Jersey, yana da shekara 49. Da aka buɗe gawar, sai ga harsashin can bayan tumbi ta ɓangaren hagu, gefen da ba a bari Bell ya duba ba. Likitoci da yawa na wannan zamani suna ganin cutar da hannaye marasa tsafta suka shigar ita ce ta fi yi masa illa.

Abin da ya biyo baya

Wasu jaridu sun yi wa Bell ba'a, amma bai jefar da aikin ba. A watan Oktoba ya gwada ingantacciyar na'urar a gaban likitoci a New York, ta kuma gano harsashi a jikin wani tsohon soja. Ya kuma fito da wata allura da ake haɗawa da tarho, wadda ke ba da ƙara idan ta taɓa ƙarfe a cikin jiki, likitoci suka yi ta amfani da ita har zuwan hoton ƙashi. Bai nemi takardar mallaka a kan waɗannan ba. A 1886 Jami'ar Heidelberg ta Jamus ta ba shi digirin girmamawa a fannin likitanci. Rasuwar jaririnsa kuma ta sa ya ƙera wata rigar ƙarfe mai taimaka wa mara lafiya numfashi.

Dabarar daidaita naɗin waya ta fita daga asibiti ta koma filin daga. A 1941 wani hafsan sojan Polan, Józef Kosacki, ya ƙera na'urar gano nakiyoyin da aka binne, sojojin Birtaniya suka yi aiki da ita a El Alamein ta Masar a 1942. Har yanzu masu haɗa irin wannan na'ura a gida suna cin karo da abubuwan da suka wahalar da Bell. Babban naɗi yana kai wa zurfi amma yana tsallake ƙananan abubuwa, kuma duk ƙarfen da ke kusa, ko ƙusa ce a takalmi, yana iya yaudarar mai nema.

Ƙarshen rayuwarsa

Bell ya shugabanci ƙungiyar National Geographic daga 1898 zuwa 1903, ya shiga harkar ƙera jirgin sama, kuma a 1919 jirgin ruwansa mai suna HD-4 ya yi gudun kimanin kilomita 114 a sa'a. Shi ne ya nuna wa iyayen Helen Keller, yarinyar nan makauniya kuma kurma, makarantar da ta samo mata malama.

Sai dai akwai inda ake sukarsa. Ya fifita koya wa kurame karatun leɓe a kan maganar hannu, ya kuma yi rubutu yana nuna damuwa kan auratayya tsakanin kurame, abin da al'ummarsu ba su manta ba har yau.

Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1922, a gidansa da ke Nova Scotia a Kanada, bayan fama da ciwon suga, yana da shekara 75. A ranar da aka binne shi, an tsayar da layukan tarho na Amurka da Kanada na minti ɗaya.